Wasa Ɗaya Bai Isa A Yanke Wa Arch Manning Hukunci Ba

Ranar Asabar 30 ga Agusta, 2025, da misalin ƙarfe biyar na yamma agogon Najeriya, aka take wasa a birnin Columbus na jihar Ohio a ƙasar Amurka, tsakanin Jami'ar Texas da Jami'ar Ohio State, a gaban 'yan kallo fiye da dubu ɗari. Kafin a fara, Texas ce ta ɗaya a jerin gwanayen ƙungiyoyi da kamfanin dillancin labarai na AP ke fitarwa, kuma wannan ne karo na farko a tarihinta da ta shiga kakar wasa tana bisa wannan matsayi. Da aka tashi, Ohio State na da maki 14, Texas na da 7. Kafin gari ya waye, bakunan da suka shafe watanni suna kirari ga wani matashi ɗan shekara 21 mai suna Arch Manning sun juya suna cewa ashe holoƙo ne, hadarin kaka. A nan ina so mu duba yadda ake auna ɗan wasa irin wannan, da kuma abin da shan kayen ke nufi ga Texas a sauran kakar 2025.

Da yake mafi yawan masu karanta wannan shafi ƙwallon ƙafar Ingila da Sifaniya suka saba da ita, ya kamata in fara da ɗan bayani. Ƙwallon Amurka da hannu aka fi buga ta. Kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu don ya ci yadi goma. Idan ya ci, a ba shi wasu huɗun, idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki shida, abin da suke kira tocdawun. A tsakiyar duk wannan akwai mutum ɗaya da kusan kowane yunƙuri ke bi ta hannunsa, wato kwatabak. Shi ne jagoran hari. Shi ke karɓar umurnin koci, ya karanta yadda masu tsaron baya suka jeru, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya zaɓi wanda zai jefa wa ƙwallo, alhali ƙarti masu nauyin fiye da kilo ɗari suna rugowa don su kayar da shi. A ƙwallon da muka sani babu gurbin da ya tara wannan nauyi a kan mutum guda.

Kada kuma kalmar jami'a ta sa mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601. Tun daga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu, kuma a Yunin 2025 kotu ta amince da wani sulhu da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Saboda haka hukuncin da ake yanke wa kwatabak yana shafar aikin koci, da kuɗin shiga na makaranta, da makomar yaron kansa idan lokacin zaɓen shiga gasar ƙwararru ta NFL ya zo.

To, me ya sa aka ɗora Texas a sama tun ba a buga wasa ko ɗaya ba? Akwai dalilai masu tushe. Ƙungiyar, a ƙarƙashin koci Steve Sarkisian, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kakar 2023 da ta 2024 a jere, kuma tana da masu tsaron baya na gani na faɗa. Amma duk wanda ya bi maganganun da aka yi a lokacin hutu ya san cewa babban dalilin shi ne sunan da ke bayan rigar kwatabak ɗin. Kakan Arch, wato Archie Manning, ya yi fice a Jami'ar Mississippi, aka ɗauke shi na biyu a zaɓen 1971. 'Yan'uwan mahaifinsa, Peyton da Eli, kowannensu shi aka fara ɗauka a shekararsa, ɗaya a 1998 ɗaya a 2004, kuma kowannensu ya ci kofin Super Bowl sau biyu. Jama'a suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da aka manta da shi shi ne ƙarancin shaidar da ke ƙasa. Shekara biyu Arch ya yi yana zaman benci a bayan Quinn Ewers. A kakar 2024 wasanni biyu kacal aka fara da shi, ɗaya da Louisiana-Monroe ɗaya da Mississippi State, dukkansu a gida, dukkansu kuma da ƙungiyoyi marasa ƙarfi. Jimillar jifan da ya yi a wannan kakar 90 ne, abin da cikakken kwatabak kan yi a wasa uku. Ya yi kyau a cikinsu, babu musu, har ya nuna yana da gudun da 'yan'uwan mahaifinsa ba su taɓa yi ba. Amma a kan wannan 'yar shaida aka gina zancen cewa shi ne zai ɗauki Kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara. Kuskuren farko ke nan, kuma ba Arch ne ya yi shi ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda aka tafka bayan wasan. A Columbus, Arch ya yi jifa 30, aka cafke 17, ya ci yadi 170, ya jefa tocdawun ɗaya a kusa da tashi, abokan hamayya kuma suka tare masa jifa ɗaya. Wanda ya kalli wasan ya ga jifan da suka faɗi ƙasa a gaban mai cafka, da waɗanda suka wuce ta bayansa, ya ga kuma saurayin da ƙafafunsa ba su natsu ba. Bai taka rawar kirki ba, kuma boye wannan ba ƙauna ba ce. Sai dai a tuna wa ya fuskanta: zakarun ƙasa masu riƙe da kofi, a gidansu, da sabon mai tsara tsaron baya, Matt Patricia, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a NFL, ga kuma Caleb Downs, wanda a lokacin yake ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron baya a jami'o'in ƙasar. Shi ne karo na farko da aka fara wasa da Arch a waje. Duk da haka Texas ta fi Ohio State cin yadi da tazarar fiye da ɗari, kuma an tare ta a yunƙuri na huɗu saura yadi ɗaya ta shiga gidan maki. Da wannan yadi ɗaya ya samu, da wani labarin jaridu suka buga.

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tarihin wannan wasa ya sha ƙaryata karin maganar. A ɗauki Joe Burrow. Shekara uku ya yi a Ohio State bai samu gurbi ba, ya koma Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, a 2018. A kakarsa ta farko can, kashi 57.8 cikin ɗari na jifansa ne aka cafke, ya jefa tocdawun 16. Masana suka ajiye shi a sahun matsakaita. A kakar 2019, shi ɗin dai, da hannun nan nasa, ya jefa tocdawun 60, ya ci yadi 5,671, aka cafke kashi 76.3 na jifansa, ya ɗauki Heisman, LSU ta ci wasanninta 15 duka, ta doke Clemson da ci 42 da 25 a wasan ƙarshe. Me ya canza? An kawo Joe Brady ya sake tsarin jifa, Ja'Marr Chase da Justin Jefferson suka nuna a matsayin masu cafka, shi kuma Burrow ya samu cikakkiyar shekara yana atisaye da su. Wanda ya yanke masa hukunci a 2018 ya yi kuskure, domin ya auna mutum ya bar abin da ke kewaye da shi.

Ita kanta Ohio State tana da irin wannan labari. A Satumbar 2014 ta sha kashi a gida a hannun Virginia Tech da ci 35 da 21, da sabon kwatabak, J.T. Barrett, wanda aka tare masa jifa uku a daren. Aka ce kakar ta mutu. Barrett ya farfaɗo ya ja ƙungiyar har ƙarshen Nuwamba, inda ya karye a ƙafa, sai na uku a layi, Cardale Jones, ya karɓa. Da shi suka lallasa Wisconsin 59 da nema, suka doke Alabama 42 da 35, suka doke Oregon 42 da 20, suka ɗauki kofi. Darasi biyu ne a nan. Wasan Satumba ba ya faɗin abin da zai faru a Janairu, kuma ƙungiyar da aka gina da kyau tana iya kai wa gaci ko da jagoranta na uku ne.

Misalin da ya fi kusa da gidan Manning ma yana nan. Peyton ya yi shekara huɗu a Jami'ar Tennessee, ya kafa tarihi iri-iri, amma bai taɓa doke Florida ba, bai kuma ci kofin ƙasa ba. Shekarar da ya tafi, 1998, Tennessee ta ci wasanninta 13 duka ta zama zakara da Tee Martin, wanda ba mai haɗa shi da Peyton a gwaninta. A wannan shekarar kuma Peyton, a kakarsa ta farko a NFL, aka tare masa jifa 28, ƙungiyarsa ta ci wasa uku ta faɗi goma sha uku. Da za a bi ma'aunin da ake auna Arch da shi a yau, da tun a lokacin an rufe littafin Peyton. Haka nan Georgia ta ɗauki kofi sau biyu a jere, a kakar 2021 da ta 2022, da Stetson Bennett, wanda ya shiga ƙungiyar da farko ba tare da an ba shi tallafin karatu na 'yan wasa ba. Gwanintar kwatabak da nasarar ƙungiya suna da alaƙa, amma ba abu ɗaya ba ne.

Kada a ce masu sharhi a talabijin ne kaɗai ke faɗa wa wannan rami. Ƙungiyoyin NFL, masu kashe miliyoyin daloli wajen bincike, su ma suna faɗawa. A 1998 an yi ta muhawara kan wa ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf na Washington State. Aka ɗauki Leaf na biyu, bai yi ƙarko ba. A 2000 sai da aka ɗauki mutum 198, ciki har da kwatabak shida, kafin a waiwayi Tom Brady na Michigan, wanda daga baya ya ci Super Bowl sau bakwai. Idan masu wannan sana'a suna kuskure haka bayan sun kalli shekarun yaro gaba ɗaya, ina ga wanda ya kalli awa uku da yammacin Asabar?

Wannan ɗabi'a ta rataya ƙungiya a wuyan mutum ɗaya ta taɓa jawo rashin adalci ƙarara. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta zama zakarar rukuninta na ACC. Amma a watan Nuwamba kwatabak ɗinta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗun da za su fafata neman kofi ya tsallake ta, ya ɗauki Alabama wadda ta faɗi wasa ɗaya, bisa hujjar cewa ba tare da Travis ba Florida State ta zama wata ƙungiya dabam. Masu goyon bayan kwamitin suna nuni da dukan 63 da 3 da Georgia ta yi mata bayan nan, suna mantawa cewa da yawa daga manyan 'yan wasanta sun ƙi buga wannan wasa da ba shi da sauran amfani gare su. Ni a ganina an zalunci yara fiye da tamanin saboda ƙafar mutum ɗaya, kuma labarin Cardale Jones kaɗai ya isa ya sa kwamitin ya yi hattara.

Idan haka ne, da me za a auna kwatabak? Na farko, a dubi wa ya fuskanta. Tocdawun biyar a kan ƙaramar makaranta bai kai nauyin natsuwar rabin wasa a gaban Georgia ba. Na biyu, a dubi inda ƙwallon ke sauka. Alƙaluman cafka suna iya yaudara, domin jifa gajere zuwa gefe kowa na iya yi. Abin tambaya shi ne ko ƙwallon na isa hannun mai cafka yana cikin gudu, ko sai ya tsaya ya jira ta. Na uku, a dubi abin da yake yi idan mutumin da aka tsara za a jefa wa yana tsare. Wanda idonsa ke wucewa zuwa na biyu da na uku ya fahimci wasan, wanda kuma ke runtse ido ya jefa ko ya arce tun ba a taɓa shi ba, da sauransa. Na huɗu, a dubi halinsa a yunƙuri na uku da kuma kusa da gidan maki, inda fili ke ƙuntata. Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci ga matashi, a dubi ko kuskuren da ya yi a Satumba yana maimaita shi a Nuwamba. Wannan na ƙarshen ba a iya sanin sa sai an jira.

A ma'auni na biyu da na huɗu Arch ya gaza a Columbus. A na uku an ga alamun ruɗewa, an kuma ga wasu jifa masu kyau a ƙarshen wasa, lokacin da ya daina ɗari-ɗari. Na farko yana ba shi uzuri. Na biyar yana gaba.

Sai mu koma ga ita Texas. Tambayar da ta fi damuna game da ita ba ta kwatabak ba ce. Mutum biyar ne ke tsayawa a gaban mai jifa su zame masa katanga, kuma huɗu daga cikin biyar ɗin da suka fara wasanni a kakar 2024 sun tafi, ciki har da Kelvin Banks, wanda New Orleans Saints ta ɗauka na tara a zaɓen 2025. Manyan masu cafka ma sun tafi, irin su Matthew Golden da Green Bay Packers ta ɗauka a zagayen farko. Katanga irin wannan sai da sabo take ƙarfi, domin kowa sai ya san motsin na kusa da shi ba tare da magana ba, kuma sabo ba ya samuwa a wata guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sabon kwatabak a bayan sabuwar katanga, yana jefa wa sababbin masu cafka, wannan ba siffar ƙungiya ta ɗaya a ƙasa ba ce a watan Agusta, kome sunan gidan da ya fito. Masu kaɗa ƙuri'ar AP sun gane haka bayan wasa, suka sauko da ita zuwa ta bakwai.

Abin da ke hannun Texas kuwa ba kaɗan ba ne. Masu tsaron bayanta sun hana zakarun ƙasa wuce maki 14 a gidansu. A kakar 2025, da irin su Anthony Hill da Colin Simmons da Michael Taaffe, ba ta bukatar Arch ya zama Burrow na 2019. Ya isa ya daina ba da ƙwallo, ya riƙa kammala hari idan an kai bakin gida. Tsarin gasar ma ya sauya. Tun daga 2024 ƙungiyoyi goma sha biyu ke shiga zagayen neman kofi, ba huɗu ba, kuma Ohio State ɗin nan ta faɗi wasa biyu a kakar 2024, a hannun Oregon da Michigan, amma ta zo ta fitar da Texas da ci 28 da 14 a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Notre Dame 34 da 23 ta ɗauki kofi. Faɗuwa ɗaya a waje, da tazarar maki bakwai, a hannun babbar ƙungiya, ba ta rufe wa kowa ƙofa ba.

Amma ta rage yawan kuskuren da za a iya yafewa. Wasanni ukun da ke biye a jadawalin kakar 2025, da San Jose State da UTEP da Sam Houston, duk a gida ne, kuma ina jan hankalin mai karatu kada alƙaluman da za su fito daga cikinsu su ruɗe shi, ko masu kyau ko marasa kyau. A jadawalin kakar 2025, jarrabawar gaske tana farawa a Oktoba: tafiya gidan Florida, sai karon gargajiya da Oklahoma a Dallas, sannan a Nuwamba tafiya gidan Georgia, wadda ta doke Texas sau biyu a kakar 2024, a rufe da maƙwabciya kuma abokiyar gaba, Texas A&M. Idan Texas ta faɗi ɗaya kawai a cikin waɗannan, tana ciki. Idan ta faɗi biyu, ta zama mai faɗuwa uku ke nan, kuma a kakar 2024 Alabama da faɗuwa uku aka bar ta a waje, ita kuwa Clemson da ta shiga da faɗuwa uku sai da ta ci kofin rukuninta. Hasashena shi ne Texas ƙungiya ce ta sahun goman farko wadda za ta fi kyau a Nuwamba fiye da yadda take a farkon kakar 2025, kuma makomarta ta rataya ne a kan ko katangar gaba za ta haɗu kafin tafiyar Florida. Rabon jami'ar da kofin ƙasa tun kakar 2005, zamanin Vince Young, kuma shekara ashirin na jira ne ya sa magoya bayanta suka ƙagu har suka naɗa sarki kafin a ga aikinsa.

Abin da ya sa na ba wannan batu shafi guda, alhali wasan ba namu ba ne, shi ne halin da ya tona. Mu ma a gidajen kallon ƙwallo haka muke yi wa sabon ɗan wasan da aka sayo da tsada: wasa biyu mu ce ba a taɓa irinsa ba, wasa na uku mu ce an yi asarar kuɗi. Yabon da aka yi wa Arch a watan Yuli da zagin da aka yi masa a Satumbar 2025 duk daga gaggawa suka fito, kuma sau da yawa mutane ɗaya ne ke yin su. Shi yaron bai ce ya fi kowa ba. Hasali ma ya zauna benci shekara biyu a zamanin da takwarorinsa ke sauya makaranta da zarar an hana su gurbi, kuma bayan wasan Columbus ya fito ya ɗora laifin a kansa. Zan dawo kan wannan magana bayan wasan Georgia a tsakiyar Nuwamba, lokacin da zai kasance ya buga wasa goma a kakar, mu ɗauko ma'aunan nan biyar mu gwada shi da su ɗaya bayan ɗaya.